Gwajin Da Ya Ce Babu

Zuwa ga Kawu,

Sallama da gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya, kai da Gwaggo da duk mutanen gida. Ya aiki, ya fama da zafi? Mu nan da sauƙi, sai abin da ba a rasa ba.

Na san za ka juya takardar nan kana neman wace ce. Ni ce 'yar marigayiya ƙanwarka, wadda kuke kaka ɗaya da ita, ta uku a ɗakinta. In har yanzu ba ka gane ba, ni ce na yanke aljihun farar rigarka ta asibiti da almakashi shekarar da ka sauka a gidanmu, ka ce in dai yarinyar nan ta rayu tela za ta zama. To bakinka ya kama ni, ɗinki nake yi. Rabonmu da haɗuwa shekara goma sha tara, ban je ba, ban aika ba, sai yau da buƙata ta taso. Da kunya, amma ciwo ba ya bar wa mutum kunya.

Ban kira a waya ba saboda gidanmu ɗaki biyu ne, bangon kamar takarda, kuma surukata tana tare da mu, kunnenta ya fi idonta lafiya. Direban da zai ba ka wannan maƙwabcinmu ne, yana kai kaya garinku duk bayan mako biyu.

Maganar maigidana ce. Direban tarakta ne, bara ya tafi manyan gonakin riɗi na can kwari ya yi wata biyar. Ya ce babu ɗaki a wurin, ƙarƙashin itatuwan ƙaya suke kwana, kan baƙar ƙasa mai tsagewa, wasu ƙananan ƙwari na cizonsu waɗanda ko gidan sauro ba ya tarewa. Ya dawo lafiya lau. Sai wata biyu da suka wuce zazzaɓi ya kama shi, ya ƙi sauka. An yi maganin maleriya sau biyu, an yi na taifod. Yana cin abinci amma kamar ana zubawa a rami. Ni da nake ɗinka masa kaya na fi kowa sani: na rage kafaɗar rigunansa da yatsa uku, wandunan kuwa sai da na buɗe musu ƙugu, domin cikin ya kumbura ta hagu, ƙasan haƙarƙari, da tauri kamar an ɓoye faranti.

Nas ɗin asibitinmu ta ce saifa ce, da ta ji inda ya yi aiki kuma sai ta yi zargin wani ciwo wai shi kala'azar. Ta ɗiga jininsa kan wani ɗan tsinke, muka jira. Layi ɗaya ya fito, ta ce layi ɗaya babu ke nan. Likita ta ce tunda ba shi ba ne, wataƙila tarin fuka ne ya ɓuya a ciki, za ta ɗora shi kan maganin wata shida.

Kawu, ka shekara talatin a ɗakin gwaji. Tsinken nan abin yarda ne? Ƙwayoyinsa na kullum dai yana sha, bai taɓa fashi ba, ka san irin waɗanda nake nufi. Abin da ka ce shi za mu bi.

'Yarka

*

'Yata mai almakashi,

Na amsa sallamarki, takardarki kuma ta same mu lafiya, sai gwiwa da ke tuna mini shekaruna duk sanda zan hau matakalar asibiti. Gwaggonki ta yi dariya har da hawaye da na karanta mata zancen aljihu. Ta ce ita ta yi wa rigar faci, kuma facin ya fi rigar daɗewa.

Kada ki ƙara zancen kunya. An ce zumunci a ƙafa yake, to ni ma tawa ba ta taka ba, mun yi kunnen doki.

Kala'azar na san shi kamar yunwar cikina. Wani ɗan ƙuda ne da bai kai sauro girma ba yake sa shi, yana ɓuya a tsagar ƙasa da cikin suri. Alamun da kika faɗa sun yi kama da shi, ba zan ɓoye miki ba, kuma da ba a yi gwaji ba da na ce shi ne. Sai dai tsinken nan na yi aiki da shi ya fi a ƙirga. Ba ƙwayar cutar yake nema ba, sawun faɗan da jiki ya yi da ita yake bi a cikin jini. Mutumin da ya yi wata biyu yana zazzaɓi, saifarsa ta sauko haka, in da ciwon ne da layi na biyu ya fito tun kafin nas ta rufe kwalba. Saboda haka ki kwantar da hankalinki, ku bi likita. Tarin fuka tsohon ɓarawo ne, ba kullum yake shigowa ta ƙirji ba.

Ƙwayoyinsa na kullum ya ci gaba da sha, kada ya yi wasa da su. Maganin tarin zai mai da fitsarinsa ja, kada ki tsorata. Ki ba shi duk abin da ransa ya kwanta da shi ya ci. Nan da wata guda ki rubuto ki ce mini kin fara mai da kafaɗun riguna inda suke.

Ki gai da surukina, ki ce masa tsoho mai leƙen madubin ɗakin gwaji ya ce tarakta na jiransa.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gai da Gwaggo, Allah ya sawwaƙe gwiwa. Ruwa ya sauka a nan, rumfar ɗinkina tana yoyo ta kusurwa, na ja keke zuwa tsakiya. Yarinyarmu ta zubar da haƙoran gaba, tana yawo tana nuna wa kowa giɓin.

Ka ce in rubuto bayan wata guda. Na ƙara mako uku a kai ina jiran abin alherin da zan faɗa, bai zo ba.

Zazzaɓin yana nan. Maganin tarin ya hana shi ɗan abincin da yake iya ci, idanunsa suka yi rawaya, likita ta dakatar da biyu daga cikin ƙwayoyin. Ya kuma fara haɓo. Ranar Talata yana zaune bakin ƙofa yana koya wa yarinya ɗaurin igiyar takalmi, jini ya ɓalle masa ta hanci, sai da ya jiƙa ƙyalle huɗu daga kwandon yanke-yankena kafin ya tsaya. Saifar ta sauko har ta wuce cibiya. Goshinsa da bayan hannuwansa sun yi duhu kamar mai aikin gawayi. Surukata ta ce sammu ne, abokan aikinsa suka yi masa don mai gonar ya fi son aikinsa. Ban musa mata ba.

Akwai godiyar da ban yi maka ba. Da na karanta inda ka ce ya ci gaba da shan ƙwayoyinsa, ba ka ambaci sunan ciwon ba, ba ka tambaye ni yaushe ko ta yaya ba, sai da na shiga bayan gida na yi kuka. Shekara huɗu ke nan muna karɓar maganin nan, ni da shi, duk farkon wata, ta ƙofar bayan asibiti, kuma ban da ma'aikatan wurin kai ne mutum na farko da ya sani. Ya sa na rantse ba zan furta wa kowa ba, ko uwar da ta haife shi. Ban furta ba, nuni kawai na yi maka, ka gane, ka kuma yi mana kara. Allah ya rufa maka asiri yadda ka rufa mana. Yarinya an gwada ta sau biyu, ita ba ta da shi.

Abin da ya ɗaure wa likita kai shi ne ƙidayar sojojin jikinsa. Bara ɗari uku da wani abu ce, yanzu sittin ba ta cika ba, alhali bai taɓa tsallake ƙwaya ba. Ta sake gwajin tsinken don ta cire shakka, layi ɗaya dai. Yarinya ce likitar, tana da kirki, ta kuma faɗa mini da bakinta cewa kala'azar a littafi ta san shi, ba ciwon yankinmu ba ne. Na nuna mata takardarka, ta ce tunda mai shekara talatin ya faɗa, a ci gaba da maganin tari.

Har yaushe za mu jira ya fara aiki?

'Yarka

*

Kawu,

Ina gaisuwa.

Yau kwana talatin da uku da na aika maka takarda. Sau biyu direba yana zuwa garinku yana dawowa hannu rabbana. Na zauna na yi ta juya abin da na rubuta, sai jikina ya ba ni cewa wataƙila da farko ba ka gane ba, yanzu ne ka gane, shi ya sa ka yi shiru. In haka ne ban ga laifinka ba. Abin da muke gudu ke nan shekara huɗu.

Roƙona ɗaya, ka ƙona takardar. Kada Gwaggo ta gani, kada ta kai kunnen dangin uwata.

Shi yanzu ko bayan gida sai na riƙe shi. Na ce wa direba wannan ya sa maka ita a hannu, ko babu amsa.

*

'Yata,

Lafiya muke. Ba zan ja gaisuwa ba, direba na tsaye a kaina, motarsa a kunne.

Takardarki ta uku ce ta sa na nemo ta biyu. Wurin maigadi aka bar ta, shi kuma ya cusa ta a aljihun rigar ruwa ya tafi hutu. Yau na karanta su duka biyu a tsaye. Ban yi shiru don ƙyama ba. Rabin jinin da nake dubawa kullum na masu ciwon nan ne, da hannuna nake ɗiba, wasu har sunan 'ya'yansu na sani.

Amma rabin zarginki gaskiya ne, ban gane ba. Da kika ce ƙwayoyin kullum na ɗauka hawan jini ne, irin na yawancin direbobin da nake gani. Abin da kika gode mini a kai sunansa rashin tambaya. Kalma biyu ce, wace ƙwaya, kuma ita nake fara koya wa duk sabon ma'aikacin da aka kawo mini. Ban yi ta ba don daɗin an tuna da ni ana neman sanina ya ɗauke mini hankali.

Ki saurara da kyau. Na gaya miki tsinken sawun faɗa yake bi. Wanda ciwon nan ya karya wa garkuwa, jikinsa ba ya iya faɗan, saboda haka babu sawun da za a gani. Ɓarawo na cikin ɗaki, kare bai yi haushi ba domin karen ma a kwance yake. A jikin surukina layi ɗaya ba ya nufin komai, ko sau goma aka maimaita. Faɗuwar ƙidayarsa ma, ga magani yana sha, tana nuna mini akwai abin da ke cin sa ta ƙasa.

Dole a nemi ƙwayar cutar da ido. Na sa takarda daban ga likita, da ƙananan gilasai shida da za a shafa abin da aka ɗiba a kansu, da kwalbar ruwan da za ta zuba musu bayan sun bushe. Kada a kusanci saifarsa da allura, mai haɓo jininsa ba ya tsayawa, zai iya zuba a ciki ba wanda ya sani. Ɓargo za a ɗiba a ƙashin ƙugu. In babu mai dubawa a wurinku ki aiko mini. Kada ki jira mako.

Takardar ban ƙona ba, tana akwatin da ni kaɗai ke da mabuɗinsa. Gwaggonki ba ta gani ba, ba kuma za ta gani ba.

Kawunki

*

Kawu,

Na gaishe ka, na kuma nemi gafararka kan zaton da na yi maka. Yarinya lafiya, surukata lafiya.

Kafin in je wurin likita sai da na gaya wa maigidana ka sani, domin ba yadda za a huda ƙashin mutum ba a faɗa masa dalili ba. Ya juya fuska bango tun hantsi har la'asar. Da ya juyo ya ce na karya rantsuwa. Na ce ban furta ba, nuni na yi, nunin ma ba a gane ba sai daga baya. Sai ya ce, "To ai da kin furta ɗin da ya fi."

Ban san ko yafiya ce ko zargi ba, ban kuma tambaya ba.

Likita ta karanta takardarka sau biyu, ta zauna, ta cire tabarau ta riƙe a hannu. Ta ce ɓargo sau biyu ta taɓa ɗiba, tana makaranta, malami na tsaye a bayanta. Ta ce in ba ta zuwa washegari ta sake duba littafi. Da safe ta zo da allurar a tafashe cikin kwano, mai kauri kamar ta ɗinkin buhu. Aka kwantar da shi ta gefe, nas ta riƙe ƙafafu, ni na riƙe kai. An yi masa allurar kashe zafi, amma ta ce ba ta shiga ƙashi. Da ta fara murzawa na ji ƙarar a tafin hannuna ta cikin ƙoƙon kansa. Bai yi ihu ba, ya dai ciji gefen mayafina har ya huda shi. Karon farko ba abin da ya fito, sai a na biyu. Da aka gama ya ce wa likita in ta gaji da asibiti ta zo gareji, hannunta ya dace da kwance tayar tarakta. Ta yi dariya, sannan ta fita waje ta daɗe.

Mai gwajinmu ya ce rininsa ya ƙare tun bara, kuma ko da akwai bai san kamannin abin da zai nema ba. Saboda haka ga gilasai huɗu nan, biyu sun lalace wajen shafawa. Na naɗe kowanne a ƙyalle na jera su cikin gwangwanin maɓallaina, na cika gefen da auduga. Na ce wa direba ya sa a aljihun gaba, kada ya haɗa da kaya. Ya tambaye ni ko zinariya ce, na ce ta fi.

Surukata ta ga plasta a ƙugunsa ta ce likitocin zamani sai su bar ciki a kumbure su je suna huda baya.

'Yarka

*

'Yata,

Gaisuwa gare ki da mai jiki. Gwangwani ya iso, ko ɗaya bai fashe ba. Ki gaya wa likita shafinta ya yi kyau, na ga na waɗanda suka girme ta da bai kai shi ba.

Na rina su da kaina, na jira suka bushe, na ɗora na farko a madubin ganin ƙwayoyin cuta. Ɓargo wani lokaci sai mutum ya yi awa guda yana lalube kafin ya ga ƙwaya ɗaya. Wannan ban kai minti biyu ba. Suna nan ko'ina, cikin ƙwayoyin jini da wajensu, ƙanana, kowace da ɗigo biyu, kamar an ɓarar da riɗi a tabarma. Na kira abokin aikina ya duba ba tare da na ce masa komai ba, ya ɗago ya tambaye ni ko mai shi yana da rai. Kala'azar ne, babu ko shakka. Na rubuta sakamako na buga hatimi, yana cikin ambulan ɗin nan.

A daina maganin tari idan likita ta yarda. Maganin wannan ba ya ƙaramin asibiti, domin sai an ajiye shi a firiji, ta ƙarin ruwa ake ba da shi, a haɗa da wasu ƙwayoyi na kusan wata guda. Likita za ta tura ku babban asibiti. Zai yi rawar sanyi lokacin ƙarin ruwan, za su riƙa duba ƙodarsa. Ki tafi da bargo.

Sauran maganar na so in bar ta, amma ɓoye-ɓoye ya ishe mu haka. Ciwon nan biyu abokan sata ne, ɗaya na riƙe ƙofa ɗaya na kwasa. Mai garkuwa in an yi masa magani, jikinsa ke ƙarasa abin da ya rage. Surukina ba shi da mai ƙarasawa. Magani zai kora su su ɓuya, sau da yawa kuma suna dawowa. Idan ƙidayarsa ta tashi, akwai fata. Ita za ki riƙa tambaya, fiye da zazzaɓi.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ya jikin Gwaggo, direba ya ce ta yi fama da haƙori. Wata shida ban rubuto ba sai saƙon baki, ka yi haƙuri. Da farko ba lokaci, daga baya kuma tsoro nake kada in rubuta alheri in yi masa baki.

Kwana talatin da biyar muka yi a babban asibiti, ɗaki mai gado goma sha biyu, nasa na jikin taga. A mako na biyu zazzaɓi ya sauka. Ya farka ya ce yunwa yake ji, ya cinye nasa ya cinye nawa, har ya leƙa kwanon maƙwabcinsa. Saifar ta koma sama da kusan tafin hannu. Muka dawo gida da ƙafarsa. Na mai da kafaɗar riga ɗaya, ɗaya tak, na ce sauran sai na gani. Wata rana ya tafi gareji ya hau tarakta, bai tayar ba, ya dai zauna a kujerar ya riƙe sitiyari, abokansa na yi masa tsiya wai ya manta giya. Ya dawo yana ba yarinya labari kamar ya nome duniya.

Ina tambayar ƙidaya kamar yadda ka ce. Tamanin. Bayan wata biyu, tamanin da biyar. Ba ta taɓa kai ɗari ba.

Mako uku da suka wuce na taɓa wuyansa da rana na ji zafi. Ya ce rana ce. Da na zo wanki na tarar da ƙyallen jini a aljihun wandonsa, ya ɓoye. Likita ta sake ɗibar ɓargo. Ga gilasai nan.

Tambaya biyu zan yi maka, kuma ka amsa mini kamar ba 'yarka ba. Cikin irinsa da ka gani ciwon ya dawo musu, nawa suka tashi? Sannan wata ukun da muka yi muna shan maganin tari, da a ce tun farko aka gane, da yanzu ya warke?

'Yarka

*

'Yata,

Muna lafiya, haƙorin an cire.

Ƙwayoyin cutar sun dawo. Ba su kai na farko yawa ba, amma ba sai na nema ba.

Tambayarki ta farko. Ina da littafin da nake rubuta duk gilashin da na duba, na koma na bi shi. Masu ciwon biyu da ya dawo musu ƙidayarsu na ƙasa da ɗari, na sami goma sha ɗaya. Biyu na san suna raye, ɗaya har yana kawo mini gaisuwa, amma duk wata sai an yi masa ƙarin ruwa. Uku ban san inda suke ba. Sauran kin gane.

Ta biyu na kwana biyar ina juya ta. Da an gane da wuri, da ya shiga magani ƙidayarsa ba ta faɗi haka ba, hantarsa ba ta sha wahalar maganin da ba nata ba. Wannan gaskiya ne. Na kuma ga waɗanda aka gane da wuri ya dawo musu duk da haka, wannan ma gaskiya ne. Ban sani ba, 'yata. Na so in ce miki da ba abin da zai canza, don ke ki samu barci ni ma in samu, amma ban sani ba.

A koma babban asibiti a sake magani. Ba ni da wata shawara da ta wuce wannan.

Kawunki

*

Kawu,

Ina gaisuwa, ina gai da Gwaggo. Na san direba ya riga ya faɗa maka da baki, na kuma ga saƙon ta'aziyyarka. Allah ya saka. Na ga ya kamata ka ji yadda aka yi daga wurina.

Mun koma, an yi zagaye na biyu. Wannan karon zazzaɓin ya sauka amma ƙodar ta ƙi, ƙafafunsa suka kumbura, suka dakatar da ƙarin ruwan suka ce a jira. Muka jira kwana tara. Da suka ce za su sake ɗibar ɓargo su ga inda aka kwana, ya ce a'a. Babban likita ya yi masa magana, na yi masa, ya ce ƙashinsa ya ba da abin da zai bayar, a kai shi gida. Na ce Kawu ya ce biyu sun tashi. Ya ce Kawu mutumin kirki ne, ya kuma iya ƙidaya, shi ma ya iya.

Kwana goma sha shida ya yi a gida. Na ja keken ɗinki zuwa ɗakinsa, ya ce ƙarar tana sa shi barci. Bai yi zancenka da ɓacin rai ba ko sau ɗaya, ban faɗa don in faranta maka ba.

Kwana uku kafin ya rasu, da hantsi, uwarsa ta shigo ta zauna bakin gado. Ta ce ta gaji da jin sammu daga bakinta, ta gaji da jin ana dubawa daga bakina, ita ta haife shi, ya gaya mata abin da ke cin sa. Na tsayar da keke. Na ce a raina yau zai faɗa. Sai ya sa na ɗauko takardarka mai hatimi, ya miƙa mata duk da ba ta karatu.

"Kala'azar ne, Inna. Ƙuda ne ya cije ni a gona. Ga shaidar asibiti."

Ta shafa hatimin da yatsa, ta maimaita sunan har sau uku sai da ya zauna mata a baki. Bayan ta fita ya ce mini, ko ba komai Kawu ya samo masa ciwon da zai iya faɗa a gaban uwarsa.

Sunan nan take faɗa wa duk mai zuwa gaisuwa, da ƙuda, da gona, da baƙar ƙasa, har ta fi ni iya bayani. Mutane na girgiza kai suna cewa neman halali ne ya kai shi. Ba ƙarya ta yi ba, ni ma in an tambaye ni haka nake cewa.

Jiya ta ce tunda yanzu daga ni sai ita sai yarinya, in dawo ɗakinta mu riƙa kwana tare, a ba da ɗayan haya. Na ce to. Ina ta tunanin inda zan riƙa ajiye kwalbar maganina. Shi ya tafi da sunan ciwon da ya fake a bayansa, Kawu. Ni ciwo guda ɗaya gare ni, ba wani sunan da zan fake da shi.

'Yarka